Da Wane Suna Za Mu Kira Macuci?

A ranin da ya wuce, lokacin saran rake, wani abu ya faru a Taba wanda ya sa muka ɗauki alƙalami. Wani mai sayen rake ya zo da babbar mota daga wajen Zariya domin ya kwashe raken da ya saya a fadamar wani dattijo. Tun da fari an yi ciniki a kan dami 200, an biya rabin kuɗin, aka sare, aka ɗaure, aka tara a bakin hanya. Da aka zo lodi sai aka tarar dami 194 ne. Aka sake ƙirgawa, haka ɗin ne, shida babu. Mai sayen bai ce kome ba tukuna. Amma ɗansa, wani saurayi da ya yi makaranta mai zurfi, ya juya wajen direba ya yi magana da Turanci da ƙarfi, yana nuna dattijon da baki. Kalmomi biyu suka fito sarai cikin maganarsa, watau "villain" da "crook", ya kuwa haɗa dukan mutanen ƙauye a ciki.

Dattijon ba ya jin Turanci, amma ya ga yadda 'yan makarantar da ke tsaye wurin suka sunkuyar da kai. Da maraice ya zo wurinmu, bayan mun gaisa ya ce, "Malam, kai ka yi karatu. Me yaron nan ya kira ni?" Muka shiga kewaye-kewaye. Ya ce, "Faɗa mini kawai. In zagi ne, gara in san girmansa." Muka ce, "Baba, ya ce kai mugu ne, macuci." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, na ji," ya tashi ya tafi.

Daren nan ba mu yi barci da wuri ba. Muka ɗauko ƙamus domin mu tabbata ba mu ƙara wa maganar gishiri ba, ba mu kuwa rage mata ba. Abin da muka samu a ciki ya fi abin da muka je nema, shi ne kuwa mu ke so mu kawo muku, ya 'yan'uwa masu karatu. Gama yanzu kalmomin nan sun shigo gidajenmu ta bakin 'ya'yanmu, da rediyo, da waya. Ya kamata mu san abin da su ke ɗauke da shi kafin mu jefi wani da su.

Manomin da ya zama mugu

A Turancin yau "villain" mugun mutum ne, wanda ya ƙudura cuta a zuciyarsa. Da wannan suna a ke kiran mugun da ke cikin labari ko wasan kwaikwayo, wanda jarumi ya ke fama da shi. Amma asalin kalmar daga Latin ne, harshen Romawa. A wurinsu "villa" gidan gona ne, mai aiki a gonar kuwa "villanus". Daga tushen nan ne kuma "village" ta fito, watau ƙauye. Bayan da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya sa aka rubuta gonakin ƙasar da masu nomansu saboda haraji. Aka yi wannan a 1086, cikin babban littafin da a ke kira Domesday Book. Waɗanda aka rubuta da wannan suna sun fi kowane rukuni yawa, wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka ƙidaya. Manoma ne da ke yi wa mai ƙasa aikin gandu waɗansu kwanaki a mako kafin su taɓa tasu gonar, daga baya kuwa doka ta hana su barin ƙasarsa sai da izininsa. Wanda ya ji labarin gandun sarki daga bakin kakanninsa zai gane irin zaman nan.

To, ta ƙaƙa sunan manomi ya zama sunan mugu? Masu riƙe da alƙalami a wancan zamani ba manoma ba ne. Sarakuna ne, da fadawansu, da malaman da ke ci a ƙarƙashinsu. In ɗayansu ya so ya ƙasƙantar da ɗan'uwansa, sai ya ce ya yi halin "villain", watau halin talakan gona. A hankali kalmar ta tashi daga matsayin mutum ta koma kan halinsa, har aka manta da gonar ɗungum, mugunta kaɗai ta rage. Ashe saurayin nan, ba da saninsa ba, ya kira dattijon da sunan sana'arsa ta gaskiya, amma sunan ya iso masa bayan ya yi shekaru ɗarurruka yana tara raini.

Ba ita kaɗai ba ce. "Knave" a yau maha'inci ne, amma dā ma'anarta yaro, daga nan ta zama yaron gida. Cikin fassarar Littafi Mai Tsarki da John Wycliffe da almajiransa suka yi zuwa Turanci wajen 1382, da kalmar nan aka kira jariri namiji, ba da wani aibi ba. Har yau a Jamusanci 'yar'uwarta, "Knabe", yaro ta ke nufi. "Boor", watau mutum marar ladabi, 'yar'uwa ce ga "boer" ta mutanen Holan, wadda ma'anarta manomi. "Churl", watau marowaci mai kaushin hali, dā sunan talaka ne ɗa, wanda ba bawan kowa ba. Abin mamaki, tushenta ɗaya da sunan Charles, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a 2022. Kalma ɗaya ta rabu biyu, rabi ya tafi fada, rabi ya zama zagi. "Blackguard", watau tantiri, dā sunan barorin madafa ne a gidajen manya, masu wankin tukwane da ɗaukar gawayi, waɗanda aikinsu ya baƙanta musu tufafi. "Rascal" kuwa dā tarkacen jama'a ta ke nufi, waɗanda ba a san iyayensu a fada ba.

"Rogue" ta fito ne a ƙarni na 16, sa'ad da marasa gona da marasa aiki suka cika hanyoyin Ingila suna bara. A 1572, zamanin Sarauniya Elizabeth ta fari, aka yi doka cewa wanda aka kama yana irin wannan yawo a yi masa bulala, a huda masa kunne da ƙarfe mai zafi. Laifinsa na fari shi ne ba shi da wurin kwana. Kalmar nan ta bi Turawa har ta shiga littafin dokokin da suka kawo Nijeriya. Yanzu ita da "rascal" sun yi sanyi, har Bature ya kan ce wa jikansa mai ƙiriniya haka yana dariya, kamar yadda kaka ta kan ce wa jikanta ja'iri. Amma in aka faɗe su ga babban mutum da fushi, har yanzu suna da dafi.

Wani limamin ekklesiyar Ingila, Richard Trench, ya lura da wannan al'amari, ya rubuta shi cikin littafinsa a kan nazarin kalmomi a 1851. Ya ga cewa harshe ya kan ajiye shaidar halin masu magana da shi. Mu ma abin da muka gani ke nan. Kalmomin nan ba su gaya mana manoman Ingila ɓarayi ne ba. Abin da suka tona shi ne girman kan waɗanda manoman ke ciyarwa.

Laifi tudu ne

Kada mu yi saurin yi wa Turawa dariya, gama Hausa ma ta yi haka. Ƙauye wurin zama ne kawai, amma in an ce wa mutum baƙauye, kowa ya san ba adireshinsa a ke faɗi ba. Gida abin alfahari ne, amma bagidaje wawa ne. Mu kan ce noma na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya shi ya tarar, sa'an nan mu juya mu mai da sunan mai duƙawar abin zagi. Mafi muni ita ce kalmar shege. Mun ɗauki abin da iyaye suka yi, mun ɗora wa jaririn da bai san kome ba, sa'an nan mun mai da sunansa sunan kowane marar kirki. Haka kuma a kan tona wa mutum asalin bauta a tsakiyar faɗa a kan iyakar gona, sai ka ce kakansa ne ya matsar da kan iyakar.

Akwai kuma sunayen da addini ya haifa. "Miscreant" a jaridun Nijeriya na Turanci ɗan iska ne mai ta da tarzoma. Asalinta daga Faransanci ne, ma'anarta wanda bai ba da gaskiya daidai ba. Kiristocin Turai ne suka riƙa kiran Musulmi da ita a zamanin yaƙe-yaƙen da suka yi a kan Urushalima, daga nan ta zama sunan kowane mugu. Wannan laifin gidanmu ne, bai kamata mu ɓoye shi ba. "Pagan" kuwa daga "paganus" ta fito, watau mutumin karkara. Da yawa daga cikinmu a ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan jikokin Maguzawa ne, mun kuwa san zafin kalmar arne sa'ad da aka faɗe ta da nufin cewa mutum ba shi da amana. Tun da mun san zafinta, ba mu da hujja in muka ƙera wa maƙwabtanmu irin wannan suna a cikin ɗakunanmu.

Talakawa ma sun rama, ko da ya ke nasu kalmomin ba su kai na manya yawa ba. "Cheat", watau mai zamba ko mai maguɗi, guntun "escheat" ce. A Ingila ta dā, in mai ƙasa ya mutu ba magaji, ƙasarsa ta kan koma hannun sarki, akwai kuma ma'aikacin da aka naɗa domin ya bi irin wannan dukiya ya karɓe. Mutane suka ga yadda waɗansu ma'aikatan ke wuce gona da iri, sai sunan ofishin ya zama sunan cuta. Mu ma a ƙauye in mun ce wane ɗan birni ne, wayon cuta mu ke nufi. Amma a nan ma akwai rashin adalci, gama birni cike ya ke da masu gaskiya, kamar yadda ba kowane dillali ne ke tauye wa manomi ba.

In suna irin wannan ya shiga hannun hukuma, abin ya kan wuce zagi. "Thug" a bakin 'yan jarida ɗan daba ne ko ɗan bangar siyasa. Kalmar Indiya ce, "thag", watau mayaudari. Turawan mulki suka yaƙi waɗansu 'yan fashi masu wannan suna wajen 1830 zuwa 1840. Amma a 1871 suka yi doka wadda ta lissafta waɗansu kabilu ɗungum a kan masu laifi ne tun daga haihuwa. Aka riƙa rubuta sunayensu, aka hana su tafiya sai da takarda. Ba a kawar da dokar nan a dukan Indiya ba sai 1952. Mu tuna da wannan sa'ad da mu ke faɗin "bandit", kalmar da ta fi kowace yawa a kunnenmu a shekarun nan. Daga Italiya ta fito, ma'anarta wanda hukuma ta yi shelar korarsa saboda laifinsa. Masu satar mutane da shanu sun cancanci sunan nan, mun kuwa sha wuya a hannunsu. Amma ranar da muka miƙa sunan ya rufe kowane mai sanda da garke, mun koma 1871 ke nan.

Sunayen da ke auna aiki

Yanzu sai mu duba kalma ta biyu da saurayin ya faɗa. "Crook" dabam ta ke da 'yan'uwanta. Asalinta ƙugiya ce, ko sanda mai lanƙwasa irin ta makiyayan Turai. A Amurka ne, wajen ƙarshen ƙarni na 19, aka fara kiran macuci da ita, watau mutumin da hanyarsa ta karkace. Ba ruwanta da ƙauye ko birni, ba ta tambayar wane ne ubanka. Shi ya sa ta ke iya hawa har kan manya. A 1973 Shugaban Amurka Richard Nixon ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce shi ba "crook" ba ne, a 1974 kuwa ya sauka daga mulki saboda abin da bincike ya tono.

Akwai waɗansu irinta, kowace da ma'auninta. "Thief" ɓarawo ne mai ɗauka a ɓoye. "Robber" ɗan fashi ne mai ƙwacewa da ƙarfi. "Burglar" mai fasa gida ne. "Swindler", wadda ta shigo Turanci daga Jamusanci a ƙarni na 18, mazambaci ne wanda kai da kanka za ka miƙa masa kuɗinka. "Con man" guntun "confidence man" ce, watau mai cin amana ta hanyar sa ka yarda da shi. Sunan ya bazu a 1849 a birnin New York, sa'ad da aka kama wani William Thompson. Ya kan sa tufafi masu kyau, ya tari baƙo a hanya kamar sun san juna, ya tambaye shi ko ya amince da shi har ya ba shi ajiyar agogonsa zuwa gobe. Wanda ya ba shi, shi da agogo sai a lahira. Wannan shi ne ɗan damfara sak. "Hypocrite" kuwa, wadda mu ke fassarawa munafuki, a Helenanci ɗan wasan kwaikwayo ce, mai sa fuskar da ba tasa ba.

Ko "419" da kowa ke faɗi, lambar sashe ce cikin dokar laifuffuka da a ke aiki da ita a Kudancin Nijeriya, sashen da ya yi magana a kan karɓar kayan mutum ta hanyar ƙarya. Arewa ta sami nata kundin dabam a 1960, shi ma ya raba sata da fashi, ya raba zamba da cin amana, kowanne da hukuncinsa. Alƙali ba ya hukunta mutum domin shi "villain" ne, gama babu laifi mai wannan suna. Sai an ce ga abin da ya ɗauka, ga ranar, ga mai shi, ga shaidu. Amma duba yadda lambar nan ma ta tsere daga kotu. Akwai ƙasashen da in ɗan Nijeriya ya nuna fasfo, sai a dube shi da idon "419", ko da bai taɓa cin sisin kowa ba. Wake ɗaya ya ɓata gari, aka zubar da buhun duka.

Mu daina kiran ɓarawo ɓarawo ke nan?

Wani zai ce, "In haka ne, sai mu rufe baki, kada mu kira kowa da mugun suna." A'a, wannan ma wata ƙarya ce, ita ce kuwa ta fi cin ƙasarmu. Turanci yana da waɗansu dogayen kalmomi masu laushi da a ke shimfiɗa wa manya. Yaron da ya ɗauki akuya "thief" ne, a ɗaure shi a kai shi ofishin 'yan sanda. Wanda ya cinye kuɗin takin da aka aiko wa manoman ƙaramar hukuma guda, sai a ce an sami "misappropriation" ko "diversion", kamar kuɗin ne suka ɓata hanya da kansu. Saurayin da ya yashe asusun wata gwauruwa ta waya, abokansa su ce shi "smart" ne. Mu ma muna da namu mayafan. Mu kan ce an ba da goro, ko an yi alheri, ko wane ya san hannunsa. Har a cikin ekklesiya, in baiko ya yi ƙafa, sai a ce an sami 'yar matsala a lissafi, a sauya wa mai laifin wurin aiki shiru. Wanda ya kira sata da sunan da ba nata ba ya taya ɓarawo ɗaukar kaya.

Ga yadda mu ke ganin al'amarin. Suna mudu ne. Kowa a kasuwar Maƙarfi ya san akwai hanya biyu ta cuta da mudu: a bubbuge gindinsa ya rage ci sa'ad da a ke sayarwa, ko a zo da babba sa'ad da a ke saye. Wanda ya kira mai gaskiya "villain" domin shi baƙauye ne ya auna masa da babban mudu. Wanda ya kira babban ɓarawo mai kuskuren lissafi ya auna masa da ƙarami. Dukansu biyu sun yi algus da magana, ko da ba su taɓa ƙwayar hatsin kowa ba. Abin da ke wuyanmu shi ne mudu ɗaya ga kowa, mu kuwa auna abin da hannu ya yi, gama ba wanda ya zaɓi garin da za a haife shi ko cikin da zai fito.

Kada kuma mu auna kafin mu gani. Magana zarar bunu ce. A ƙasarmu kalmar ɓarawo, in an ɗaga murya da ita a kasuwa, ta kan zama hukuncin kisa. A watan Oktoba 2012, a Aluu kusa da Fatakwal, aka kashe ɗalibai huɗu na jami'a bayan an yi musu ihun ɓarayi. A watan Maris 2025, a Uromi ta Jihar Edo, aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, bayan an ce masu satar mutane ne. Ba alƙalin da ya saurari ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya fara furta sunan watakila bai ɗaga sanda ba, amma jinin bai tsallake shi ba.

Saura tambaya guda, ita ce mafi wuya. In an tabbata mutum ya yi sata, ya zama ɓarawo har abada? Hausawa sun ce hali zanen dutse ne, akwai kuwa gaskiya a ciki. Wanda ya mai da cuta sana'a, shekara da shekaru, dole a faɗa wa jama'a ko shi wane ne domin kada ya ci wani. Yin shiru a kansa rashin ƙauna ne ga wanda zai faɗa hannunsa gobe. Amma Hausawan nan kuma sun ce suna linzami ne, inda aka ja shi can mai shi ya ke bi. Yaron da ya yi sata sau ɗaya, in gari duka ya raɗa masa ɓarawo, ba mai ba shi aiki, ba mai ba shi mata, ba mai zama kusa da shi a sujada. Mun rufe masa kowace ƙofa sai ta sata, sa'an nan mu ce ai dā ma mun faɗa. Mu da mu ke karanta labarin Zakka cikin Luka sura 19 mun san mutumin da dukan Yariko ta riga ta yanke wa suna, ya kuwa cancanci sunan, duk da haka ya tashi ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta riɓi huɗu. Akwai bambanci tsakanin a ce wane ya yi sata da a ce wane ɓarawo ne. Maganar fari ta bar masa hanyar biya da komowa. Ta biyun sai a ajiye ta domin wanda aka yi ta kira ya ƙi juyowa.

Abin da dattijon ya yi

Kwana biyu bayan zuwansa wurinmu, dattijon ya gano inda dami shidan suka shiga. Jikansa ne, yaro ɗan shekara goma sha biyar, shi da abokinsa, suka janye su da dare suka sayar wa masu yankawa a bakin titi. Ba wanda ya sani sai shi, mai sayen kuwa ya riga ya cire kuɗin dami shida daga cikon da ya biya, maganar ta mutu. Da ya so, da ya yi shiru.

Da motar ta komo ɗaukar raken wani maƙwabci, sai ga dattijon riƙe da hannun yaron. Ya gai da mai sayen, ya ce, "Ranka ya daɗe, lissafinka daidai ne, nawa ne ba daidai ba. Jikana ya yi sata. Ga shi, zai roƙe ka gafara da bakinsa, zai kuma yi mini aikin kuɗin a fadama." Yaron ya durƙusa yana kuka. Saurayin nan mai Turanci ya ce wa ubansa, "Ai na faɗa." Dattijon ya dube shi ya ce, "Samari, wanda ya ɗauka ga shi nan, mutum ɗaya ne, yana da sunan da aka raɗa masa ran suna. Sauran mutanen Taba fa, me suka ɗaukar maka?" Saurayin bai amsa ba. Ubansa ya ce masa ya hau mota.

Ba mu ce saurayin mugu ne ba, gama in mun faɗi haka mun faɗa ramin da mu ke nuna wa waɗansu. Ya koyi kalmomi ne ba a koya masa nauyinsu ba, laifin kuwa har da mu malamai da iyaye. Muna murna 'ya'yanmu suna jin Turanci, muna kuwa so su ƙara. Amma in yaro ya komo hutu da sabuwar kalma irin waɗannan, ku zaunar da shi ku tambaye shi ya faɗe ta da Hausa a gaban wanda ya ke nufi. In kunya ta hana shi faɗinta da Hausa, to, kada ya ɓuya a bayan Turanci ya faɗe ta. Mu manya kuma, kafin mu ce wane macuci ne, bari mu iya faɗin abin da ya cuta, da wanda ya cuta, da yadda muka sani. In ba mu iya ba, mu kame bakinmu har mu bincika. In kuwa mun iya, mu faɗa a fili, ko mai laifin babban mutum ne, ko jikanmu ne na cikinmu.